TARIHIN KALLON TEYATUR A ƘASARMU: DAGA WASAN KARA ZUWA GIDAN SAMARI



A wagga lamba mun ga ya kamata mu waiwayi wani abu da ya daɗe yana tara mu wuri guda, watau wasan kwaikwayo, wanda mu ƴan Nijar munka fi sani da teyatur. Dalilinmu shi ne, waɗanda sunka yi wasannin da waɗanda sunka kalla suna ta raguwa, mafi yawan wasannin kuwa ba a rubuta su ba. Abin da muke so mu nuna shi ne, a ƙasarmu teyatur bai taɓa ƙarewa a kan dandali ba. Ƴan wasa su yi rabi, masu kallo su ƙarasa rabin da bakinsu, a hanyar gida, a bakin rijiya, a teburin mai shayi. Cikin wannan hira ne gari yake faɗin abin da ba ya iya faɗi gaban manya.

Kafin zuwan Nasara

Kada wani ya ce Nasara ne ya koya mana kwaikwayo. Sunan teyatur ne kawai ya kawo, da labule da banci. Tun kaka da kakanni, in azumi ya kai kwana 10, yara suna fita tashe gida gida. Wani ya liƙa gemun auduga ya ɗauki sanda yana tafiyar tsoho, wata ta ɗaura zane tana kwaikwayon zaman miji da mata, ana ba su hatsi ko ƴan kuɗi. Ƴan kama kuma suna yawo kasuwa kasuwa da allon wasa da tasbaha, suna kwaikwayon malamai, amma karatunsu duk na tuwo da fura ne. Ba wanda yake fushi da su, don kowa ya san abin da ake nufi.

Babban gadonmu a wannan fanni shi ne wasan kara, wanda Damagaram ta yi suna da shi. In an gama aikin gona, kara ya bushe, sai samari su sassaƙa shi su yi bindiga, su yi doki, su yi tabarau da agogo. Su dubi cikinsu su zaɓi wanda ya yi kama da sarki, da wanda ya yi kama da alƙali, da dogarai da fadawa, kowa ya koyi tafiyar mai shi, da tarinsa, da yadda yake ɗaga hannu. Da Faransawa sunka ci Damagaram a 1899, ba a daɗe ba kwamanda da tafinta da gardi su ma sunka shiga cikin wasa. Bayan ƴancin kai sai anka samu shugaban ƙasa na kara da ministocinsa. Abin lura a nan shi ne, mai sarautar na gaskiya yakan zauna ya kalli na kara yana kwaikwayonsa, jama'a tana dariya, shi ma dole ya yi murmushi. Ran nan ɗaya talaka yake nuna wa babba yadda ake ganinsa. Gobe kowa ya koma matsayinsa, amma an riga an gani, kuma za a yi wata ana zancen.

Ɗiyan lakwal da wasan Faransanci

Teyatur irin na labule ya biyo ta lakwal. Akwai wata babbar makaranta a Senegal mai suna Wiliyam Ponti, inda Faransawa suke horar da malaman lakwal da ma'aikata na duk ƙasashen da suke mulka a yammacin Afirka. Da can tana tsibirin Gore, a 1938 anka maida ta Sebikotan. Bubu Hama da Jori Hamani duk can sunka yi karatu. A shekarun 1930 anka fara sa ɗalibai, in sun tafi hutu gida, su tattaro labarai da al'adun garuruwansu, su dawo su shirya wasa da su a ƙarshen shekara. Har an kai wasu daga cikin wasannin birnin Pari a 1937.

Da waɗannan ɗalibai sunka dawo sunka zama mushe da akawu, sai sunka ci gaba da abin a Yamai da sauran barikoki. Cikin waɗanda sunka yi fice akwai Mahaman Dandobi, mutumin ƙasar Arewa, wanda ya rubuta wasan Kabrin Kabara a shekarun 1950. Daga baya Andre Salifu, haifaffen Damagaram a 1942, masanin tarihi, ya rubuta wasa a kan Sarki Tanimun, wanda ya gina ganuwar birni, ya sa anka ƙera igwa, ya yi wajen shekara 30 bisa gado kafin rasuwarsa a 1884. An nuna wannan wasa a babban bikin al'adun Afirka na birnin Alje a 1969, anka buga shi littafi a 1973.

Waɗannan ayyuka abin alfahari ne, amma da Faransanci anka yi su. A wancan zamani, cikin gari guda mutum nawa ne ke jin Faransanci? Manomi in ya leƙa sai ya ga tufafin sarauta da takubba, ya gane Tanimun ne, amma maganar ta wuce shi. To ga abin mamakin tarihinmu: wasan da mutane kaɗan sunka ji shi ne ya tsira cikin littafi, wasan Hausa da dubban mutane sunka kalla sunka haddace kuwa yana cikin kawunan tsofaffi kawai.

Rediyo ta buɗe hanya

Abin da ya fara kai teyatur na Hausa har ƙauye shi ne rediyo. An buɗe Rediyo Nijar a 1958. A 1962 anka kafa ƙungiyoyin masu sauraro, waɗanda ake kira rediyo kulob: mutane su taru wurin akwati guda, galibi a lakwal, su saurari shiri, sa'an nan mushe ya tambayi ra'ayin kowa, wani lokaci a ɗauki muryoyinsu a aika Yamai. Watau tun farko an haɗa sauraro da muhawara. A 1967 anka kafa ORTN, bayan 1974 rediyon ta koma Muryar Sahel. Mu na kudu kuma kunnenmu biyu ne, don Rediyo Kaduna tana shigo mana sarai, mun san Samanja da sojojinsa kamar ƴan garinmu.

A zamanin Jori ana yin Makon Matasa a Yamai, inda jahohi suke kawo wasanni da raye-raye. Amma abin bai game ƙasa ba sosai sai da mulki ya sake hannu.

Zamanin samariya

Ran 15 ga Afrilu 1974 soja sunka karɓi mulki ƙarƙashin Seyni Kunce, ana tsakiyar yunwar da farin shekarun 1968 zuwa 1974 ya jawo. An rushe jam'iyya, an rufe majalisa. Sabuwar gwamnati tana bukatar hanyar da za ta kai ga talakawa, sai ta ɗauko tsohuwar al'adarmu ta samariya, mai sarkin samari da muƙarrabansa, wadda da can aikinta gayya ne da shirya wasan sallah. Anka kafa ta a kowane gari da kowace unguwa, har inda ba a san ta ba da. Samariya ta gina azuzuwan lakwal, ta share gari, ta dasa itace, ta kuma yi teyatur.

A 1976 anka yi bikin matasa na ƙasa na farko a Damagaram. Daga nan ya riƙa zagayawa manyan biranen jahohi 7 na lokacin: Damagaram, Tawa, Maraɗi, Doso, Yamai, Difa da Agadas, ana yin shi cikin watan Afrilu. Kuɗin yuraniyom na Arlit suna shigowa a ƙarshen shekarun 1970, don haka garin da zai karɓi baƙi yakan samu gyaran hili da gidan samari da fitilu. Kafin a kai ga babban biki sai an yi tankaɗe da rairaya: unguwa ta kara da unguwa, gari da gari, waɗanda sunka ci su je gaban sufuripe, daga can su je babban birnin jaha, sa'an nan a fitar da waɗanda za su wakilci jaha. Saboda haka ko ƙauyen da bai taɓa ganin wutar lantarki ba ya san yana da rabo cikin gasar.

Ba teyatur kaɗai ake gasa a kai ba. Akwai waƙa ta ƙungiya, akwai kiɗan gargajiya, akwai kuma abin da ake kira bale, watau labari ne ake bayarwa da rawa da waƙa da kiɗa, magana kaɗan ce. Nan ne ake fito da yaƙe-yaƙen da, da farauta, da bikin girbi, da al'adun aure na kowace ƙabila. Mutumin Gobir ya ga rawar Barebari, mutumin Mangari ya ga ta Adar, Bahaushe ya ji waƙar Zabarmawa da ta Buzaye ya haddace ko bai san ma'anarta ba. Tsofaffin mata sun fi son bale da komi, don su ne alƙalan gaskiya: sun san in an ɗaura zane ba daidai ba, sun san in an haɗa kiɗan wani biki da rawar wani.

Yadda ake shirya teyatur ɗin kuwa, ba a rubuta shi baƙi da baƙi. Ƴan ƙungiya su zauna da dare bayan aiki, akwai mushe, akwai tela, akwai direba, akwai ma'aikacin asibiti. Su zaɓi matsala guda, su tsara labari, su raba shi kashi kashi, a ba kowa matsayinsa. Maganar bakinsa kuwa shi zai nemo ta, daga abin da ya ji a kasuwa da gidan biki. Su yi ta maimaitawa har ta zauna, amma ko ran wasa in jama'a ta yi dariya wuri, ɗan wasa yakan ƙara gishiri. Shi ya sa wanda ya kalli wasa a Tasawa da wanda ya kalle shi a Maraɗi sukan yi gardama kan abin da anka faɗa, kuma dukansu suna da gaskiya.

Samun mata ƴan wasa ya yi wuya ƙwarai. Iyaye da mazaje ba su so, ana ganin wadda ta hau dandali ta zubar da mutunci. Waɗanda sunka daure sunka yi, sun sha magana, amma ba don su ba da ba a ga uwar miji da kishiya da ƴar talla yadda suke ba. Ya kamata tarihi ya riƙe musu wannan.

Cikin duk ƙungiyoyin, wadda ta fi shiga zukatan Hausawan Nijar ita ce ta ORTN Damagaram, ta su Yazi Dogo, wanda shi ma malamin lakwal ne. Da Tele Sahel ta fara aiki a 1979, anka rarraba akwatunan tele na jama'a a gidajen samariya da wasu ƙauyuka, waɗansu da hasken rana suke aiki, sai fuskokin da munka sani da murya sunka bayyana. Daren da za a sa wasansu, mai tuwon saidawa ma ta san ta rufe tukunya da wuri.

Daren kallo

Wanda bai ga zamanin ba zai yi tsammani zama ake yi shiru kamar a masallaci. Ina! Tun la'asar sankira ya zagaya gari. Bayan isha'i a shimfiɗa tabarmi, dattawa da baƙi a kan kujeru gaba, mata gefe guda da goyo, samari a tsaye baya, yaran da ba su da kuɗin shiga suna bisa katanga da rassan bedi. A ƙauye fitilar a-ci-bal-bal ce ake ratayawa, labulen kuwa zannuwa ne anka ɗinke. A bakin ƙofa ga mai gyaɗa, ga mai rake, ga mai tsire.

Da an fara, jama'a tana cikin wasa. In azzalumi ya fito a yi mishi ihu. In yarinya za ta yarda da maganar mayaudari sai ka ji wata tsohuwa ta ɗaga murya tana gargaɗinta, kamar ɗiyarta ce. In anka kama ɓarawon hatsin taimako, tafi ya hana a ji sauran magana, sai ƴan wasa sun dakata. Ɗan wasan da ya iya fitowa mugu yakan sha harara a kasuwa kwana da kwanaki. Sunayen cikin wasa kuma su bi mutanen gari: duk unguwa akwai wanda anka laƙaba wa sunan wani marowaci ko wani sarkin ƙarya na teyatur, har sunan yanka ya ɓace.

Matsalolin da ake taɓawa sanannu ne: tsadar aure da kayan da ake ɗora wa saurayi, auren dole, sakin wawa, boka ko malamin tsibbu mai cin kuɗin mata, alhajin da yake ɓoye hatsi sai damina ya tsawwala, ma'aikacin da ba ya sa hannu a takarda sai an ba shi goro, uban da ya hana ɗiyarsa lakwal, rabon gado da cin amanar marayu.

Hirar bayan wasa

Nan ne muke so mu daɗe, don nan ne amfanin abin yake. In an tashi ba a watsewa. Ƙungiya ƙungiya ake tafiya ana ta musu. Gobe da safe mata su ɗauke shi a wurin daka da bakin rijiya, maza a gindin itace da majalisar kasuwa. Hikimar ita ce, ba a ambaton kowa. Matar da ba ta iya cewa mijinta ya zalunce ta tana iya cewa mijin cikin wasa bai kyauta ba, a gaban uwar mijinta, kuma kowa ya gane. Saurayin da ba ya iya buɗe baki gaban baffansa kan kuɗin aure yana iya tambaya ko uban yarinyar cikin wasa ya yi daidai. Dattijo ya amsa mishi a kan na wasa, alhali su biyun sun san maganar gida ake yi. Kowa ya faɗi cikinsa, ba wanda ya ci fuskar wani. Hausawa sun ce a bar jaki a daki taiki, to teyatur ya zama taikin gari duka.

Akwai wani mutum da ba ya ɓacewa cikin wasannin samariya, kuma ya shafi yawancin masu karanta wagga takarda: ɗan cin rani. Kusan kullum kama guda ake ba shi. Ya bar tsoho da gona, ya bar mata da ciki, ya tafi kurmi. Bayan shekara biyu ko uku ya dawo da baƙin tabarau da rediyo a kafaɗa da wando mai faɗin ƙafa, yana gwama Hausa da Turancin da bai iya ba, aljihu wayam, wani lokaci da cuta. Jama'a ta yi ta dariya, a ƙarshe ya tuba ya ɗauki hauya. Gwamnati tana son wannan saƙo, don tana so samari su zauna su yi noman rani.

Amma hirar bayan wasa ba ta tsaya inda wasa ya tsaya ba. Waɗanda sunka san hanya sukan ce: an nuna tabarau, ina buhun hatsin? Wane ne ya biya lanho shekarar da gona ba ta ba da ko damma goma ba? Kuɗin wa anka sa anka sayi sa, anka rufa ɗaki da kwano, anka yi wa ƙane aure? Tsofaffi da kansu, da sunka gama dariya, sukan yarda cewa a yunwar 1973 gidan da yake da ɗa a Kano ko Abijan ya fi samun abin sa wa a baki. Wasu kuma su ce duk da haka wasan bai yi ƙarya ba, don kowa ya san matar da ta shekara huɗu ba wasiƙa ba saƙo, ba aure ba saki. Haka za a yi ta yi, ba wanda ya kada wani.

Tarihi kuma ya ba kowane ɓangare hujja. A 1969 Gana ta kori baƙi, a farkon 1983 Najeriya ta yi haka, mutanenmu sunka dawo cikin kamiyo, wasu da tabarma kawai. Masu goyon bayan teyatur sunka ce kun gani. Sai ga farin 1984, ga iyakar Najeriya a rufe daga 1984 har 1986, yunwar da mutane sunka sa wa suna El Buhari. A nan kowa ya ga abin da rufe hanyar biɗa yake jawowa gida. Wasa bai warware wannan magana ba, kuma har yau ba ta warware ba. Abin da ya yi shi ne ya zaunar da mai tafiya da mai zama wuri guda, ya ba su abin da za su yi gardama a kai ba tare da zumunci ya ɓaci ba. Har a zangon baƙi na Ikko da Abijan, in wani ya zo daga gida da kaset na wasa, ɗaki yakan cika, a saurara, a yi dariyar kai, sa'an nan a shiga lissafin wanda ya daɗe bai aika gida ba.

Iyakar bakin ɗan wasa

Kada mu yi wa zamanin kwalliyar da ba tasa ba. Mulkin soja ne, ba jam'iyya, ba jaridar adawa, mutane suna duba bayansu kafin su yi magana. Gwamnati ce take shirya gasa, ita take naɗa alƙalai, ita take ba da kyauta, kuma an san irin saƙon da take so: haɗin kan ƙasa, aiki, yaƙi da jahilci, dashen itace, musamman bayan babban taron yaƙi da hamada da anka yi a Maraɗi a 1984. Ana iya kwaikwayon ɗan kasuwa, da maigari, da ƙaramin ma'aikaci, har da babba in an nuna a ƙarshe hukuma ta kama shi. Sama da haka ba a taɓawa. Wasu wasannin ma wa'azi ne tsagwaronsa, jama'a tana hamma.

Sai dai gwanayen ƴan wasa sun san hanyar habaici, masu kallo kuma sun san hanyar fassara. Ɗaga gira guda, ko yadda wani ya gyara hula, ya isa a gane wanda ake nufi. Abin da ɗan wasa bai iya ƙarasawa ba, ana ƙarasa shi a zaure da murya ƙasa ƙasa. Gadon wasan kara ke nan bai ɓace ba.

Yadda abin ya ja baya

Tun farkon shekarun 1980 kuɗin yuraniyom sunka faɗi, hannun gwamnati ya fara ƙanƙancewa. Kunce ya rasu ran 10 ga Nuwamba 1987, Ali Saibu ya gaje shi. A 1991 anka yi babban taron ƙasa a Yamai, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Nuwamba, kuma wanda ya shugabance shi shi ne Andre Salifu, mai wasan Tanimun. Jam'iyyu sunka dawo, baki ya buɗe, abin da da sai a teyatur ake jin ƙamshinsa sai anka riƙa faɗinsa fili a jarida da rediyo masu zaman kansu. Samariya kuwa, da yake an ɗauke ta kayan aikin tsohon mulki, ta watse, samarin gari guda sunka rabu bisa tutoci. Karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta ƙara tsananta rayuwa.

A daidai lokacin ne finafinan Hausa na Kano sunka fara shigowa, daga 1990 zuwa gaba, da kaset na bidiyo, daga baya faifai, daga baya waya. Teyatur bai mutu ba. Ƙungiyoyin taimako sun riƙa ɗaukar ƴan wasa su zagaya ƙauyuka kan rigakafi da kiwon lafiya da karatun ɗiya mata. A Yamai marigayi Alfred Dogbe, wanda ya rasu a 2012, ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen horar da sababbin ƴan wasa. Daga 2006 kuma anka koma zagayawa da bikin 18 ga Disamba jaha jaha, aka fara da Damagaram. Amma abin da ya ragu shi ne taruwar gari guda a kan wasa guda. Yau ana kallo fiye da kowane zamani, sai dai kowa da wayarsa da abin da yake kallo. Uba bai ga abin da ɗa ya gani ba, balle su yi gardama a kai.

Abin da ya rage gare mu

Ba mu ce a maido da zamanin samariya ba, ya wuce da alherinsa da sharrinsa. Abu biyu muke roƙo, kuma ba su fi ƙarfinmu ba.

Na farko, a cikinmu akwai dattawa maza da mata da sunka hau dandali, akwai waɗanda sunka yi kiɗa, akwai waɗanda sunka ɗinka tufafin bale, akwai waɗanda har yau suna iya kawo wasa daga farko har ƙarshe. Muna roƙon ɗiyanmu masu waya su zauna da su a ɗauki muryarsu: sunan wasa, shekarar da anka yi shi, inda anka kai shi, labarinsa, da abin da mutane sunka ce bayan an tashi. Wanda ya iya boko ya rubuta da boko, wanda ya iya ajami ya rubuta da ajami, a miƙa wa magatakardan ƙungiya. Wanda yake da tsohon kaset ko hoto cikin akwati ya fito da shi a kwafa a maida mishi abinsa.

Na biyu, lokacin da ƴan biɗa suke dawowa gida, ko da sallah ko bayan girbi, samari su shirya wasa guda a kan abin da yake damun gari yanzu: rikicin gona da makiyaya, tafiya Libiya da Aljeriya da wuraren haƙar zinariya, shan ƙwaya, tsadar aure da har yau ba ta sauka ba. Ba a bukatar kuɗi masu yawa, zane huɗu da fitila sun isa, kamar da. In an gama kada a tashi. A bar tabarmi a shimfiɗe, a dafa shayi, dattawa su faɗi nasu, mata su faɗi nasu, waɗanda sunka zo daga nesa su ma a ji ta bakinsu.

Wanda yake da gyara ko ƙari a kan wannan tarihi ya aiko, za mu buga a lamba mai zuwa. Allah ya jiƙan waɗanda sunka riga mu, ya kai matafiya lafiya ya maido su lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya bar zumunci.